Laifi Tudu Ne: Yadda Muke Yanke Wa Juna Hukunci A Cikin Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa ta bayan Kasuwar Kurmi a tsakiyar damina ya san yadda magudanun da ke gangarawa Jakara suke toshewa da leda da robobin lemo da tsummokara, har ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Baƙon da ya shigo daga Nassarawa ko Bompai, kafin ya kai Mandawari ya riga ya gama shari'a a ransa: mutanen cikin gari ƙazanta gare su. Ba ya tsayawa ya tambayi inda matar da ke ƙuryar lungu za ta kai shararta, lungun da kurar ruwa ma sai an karkata ta take shiga, balle motar kwasar shara. Ba ya tuna cewa lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000 ne, alhali ƙidayar 2006 ta samu sama da mutum 400,000 a Ƙaramar Hukumar Dala kaɗai, ɗaya daga cikin ukun da suka raba tsohon birni. Lungunan na nan kusan yadda kakanni suka bar su, jama'a ce ta ninka.

Wannan baƙon kuwa, da ya gama shan ruwan leda a cikin motarsa, zai zuge gilashi ya jefar da ledar a titi. Idan ka yi masa magana zai ce babu kwandon shara a kusa, kuma sauri yake yi. Gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce uzurin da ya ba kansa cikin sauƙi, ya hana waccan matar.

Masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a sun shafe fiye da shekara 60 suna bin diddigin wannan ɗabi'a. Wanda ya buɗe fagen shi ne Fritz Heider, ɗan Ostiriya da ya koma Amurka. A littafinsa na 1958 ya nuna cewa mutum ba ya iya ganin wani aiki ya bar shi haka nan, sai ya nemo masa dalili, kuma dalilin ɗayan biyu ne: ko dai daga cikin mai aikin ya fito, wato ɗabi'arsa da niyyarsa da iyawarsa, ko kuwa daga abin da ya kewaye shi, kamar matsi da talauci da umarnin na gaba da sa'a. A 1967 Edward Jones da Victor Harris suka ba ɗalibai a Amurka wasu rubuce-rubuce, wasu na yabon shugaban Kyuba Fidel Castro, wasu na sukarsa. An gaya wa wasu daga cikin masu karatun ƙarara cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangaren da zai kare ba, ɗora masa aka yi. Duk da haka, da aka tambaye su ra'ayin marubucin na gaskiya, sai suka karkata ga cewa mai yabon Castro masoyinsa ne. Sun ji uzurin da kunnensu, amma bai shiga lissafinsu ba. A 1977 Lee Ross na Jami'ar Stanford ya kira wannan da babban kuskure wajen jingina dalili: mu kan ba ɗabi'ar mutum nauyin da ya wuce ƙima, mu rage wa yanayin da ya same shi.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda John Darley da Daniel Batson suka wallafa a 1973. Sun ɗauki ɗaliban wata makarantar koyon aikin limancin coci a Princeton, aka ce kowa ya tafi wani gini ya gabatar da gajeren jawabi. Wasunsu ma jawabin a kan labarin Linjila ne na matafiyin da ya taimaki wanda ya tarar yashe a hanya. A kan hanyar aka ajiye wani mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce musu suna da sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya taimako. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 ne kacal. Makaranta ɗaya, karatu ɗaya, abin da ya raba su 'yan mintuna ne. Da a ce kana tsaye a gefe kana kallo, da ka rantse cewa na biyun marasa tausayi ne.

Bahaushe bai jira waɗannan gwaje-gwaje ba

Maganar gaskiya, kakanninmu sun hango duka fuskokin biyu. Su ne suka ce hali zanen dutse, su ne kuma suka ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 1973 Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya gabatar da lacca a kan mutumin kirki a tunanin Bahaushe, ya jero siffofi goma da suka haɗa da gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da mutunci. Duk siffofi ne na cikin mutum, kuma da su muke auna juna har gobe. A cikin gari ma'aunin ya fi tsanani, domin ba kai kaɗai ake aunawa ba, har da gidanku. Idan an zo binciken aure a Yakasai ko Koki ko Ɗandago, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa ne. Wannan yana da amfaninsa: shi ya sa ɗan kasuwa ke iya ba wani kaya na miliyoyi ba tare da takarda ba. Amma yana da cutarwarsa, domin kuskuren da yaro ya yi yana ɗan shekara goma sha biyar kan bi shi har furfura, wani lokaci har ya shafi ƙannensa mata.

A zaurukan karatu irin na Madabo, inda aka daɗe ana karanta Muwaɗɗa ta Imamu Malik, akwai ƙissar bayin wani mai suna Haɗibu da suka saci raƙumar wani mutum suka yanka. Da maganar ta je gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya fara bayar da umarnin hukunci, sannan ya lura cewa ubangidansu na barin su da yunwa. Sai ya juyar da nauyin kan ubangidan, ya ci shi tarar ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a maimakon 400. An kuma san cewa ya dakatar da haddin sata a shekarar fari. Bai ce sata ta halatta ba. Ya dubi abin da ya kai mutum ga aikin kafin ya yanke. Suratul Hujurati ta yi kashedi a kan yawan zato, malamai kuma kullum suna wa'azin kyautata zato da nema wa ɗan'uwa uzuri.

To ina matsalar take? A ganina tana wajen rabon. Uzuri muna da shi, amma mun san waɗanda muke ba wa. Ɗanka ya faɗi jarrabawa, malamai ne ba sa shiga aji. Ɗan maƙwabci ya faɗi, daƙiƙi ne. Jarin Alhaji ya karye a Kantin Kwari, za a ce kasuwa ce ta juya, dala ta tashi, Allah ya mayar da alheri. Jarin yaron shagonsa ya karye, za a ce ya ci uwar kuɗi. Wani masani mai suna Bertram Malle ya tattara bincike 173 a 2006, ya gano cewa bambancin da ke tsakanin yadda muke bayyana aikinmu da na wasu ba ya fitowa a kowane hali. Inda yake fitowa sosai shi ne idan abin ya ɓaci. Idan kuwa abin ya yi kyau, sai lissafin ya juye: nasararmu ƙoƙarinmu ce, ta wani kuma sa'a ce ko hanya. A Kano kunya da tarbiyyar addini sun rufe rabin wannan. Da wuya ka ji mutum ya ce wayona ne ya ba ni. Zai ce nufin Allah ne, kuma haka ya dace. Sai dai kuma da wuya ka ji ya ce nufin Allah ne a kan arzikin abokin hamayyarsa ba tare da ya ƙara wata magana a kai ba.

Ya kamata a faɗa cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje a kan ɗaliban jami'o'in Turawa aka yi su. Wani bita da aka yi a 2008 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na jama'ar duniya. Kuma da Joan Miller ta kwatanta mutanen Maisur ta Indiya da na Amurka a 1984, ta tarar manyan Indiyawa sun fi Amurkawa ambaton matsayi da yanayi idan suna bayanin abin da wani ya yi. Al'ada tana da hannu ke nan. Ga aiki nan yana jiran ɗaliban Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta ke daf da ganuwa: su auna mana namu da harshenmu.

Ranar da duniya ta yanke mana hukunci

Idan akwai mutanen da ya kamata su san zafin wannan kuskure, Kanawa ne. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan inna, bayan jita-jitar cewa an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Dakatarwar ta kai har Yulin 2004. Jita-jitar ba gaskiya ba ce, gwaje-gwaje sun wanke maganin, kuma sakamakon ya yi muni: yara sun shanye, ƙwayar cutar ta bazu daga Nijeriya zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonisiya. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma duk wanda ya ga yaro yana jan gindi saboda ɗigo biyu da aka hana shi ba zai yi wasa da maganar ba.

Amma dubi bayanin da yawancin jaridun waje da na Kudu suka bayar: jahilci da tsattsauran ra'ayi. Kalma biyu, an gama da miliyoyin mutane. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi abin da uwa a Ƙofar Mazugal ta gani kafin ta rufe ƙofa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye da dama kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Jaridar Washington Post ta bankaɗo labarin a ƙarshen shekarar 2000, gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Wato a 2003 raunin ɗanye ne, ba a ma kai ga sasantawa ba. A shekarar ce kuma Amurka ta afka wa Iraƙi. Sannan ga tambayar da iyaye ke ta yi, wadda masu bincike irin su Maryam Yahya da Elisha Renne suka rubuta: me ya sa idan ɗana na fama da zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda sai na sayi magani da kuɗina, amma wannan ɗigon ake biyo ni da shi har gida kyauta, sau da yawa a shekara? Amsar da suka ba kansu kuskure ce. Tambayar kuwa ta mai hankali ce.

Abin lura shi ne abin da ya warware matsalar. Zagi bai warware ta ba. An kawo magani daga Indonisiya, ƙasar Musulmi. An sa sarakuna da hakimai da masu unguwanni a gaba, tun daga marigayi Sarki Ado Bayero. An ɗauki matan unguwa da aka sani su riƙa shiga gida-gida, waɗanda cutar ta nakasa su ma suka shiga wayar da kai. Daga baya aka riƙa kafa sansanonin lafiya inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da na gudawa tare da ɗigon. Wasu sun ba da ransu a wannan aiki: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Yaro na ƙarshe da ƙwayar cutar ta daji ta kama a jihar an same shi ne a Sumaila a Yulin 2014, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Mutanen da aka ce jahilai ne da ba sa canzawa, su ne dai suka buɗe ƙofofinsu da aka saurari dalilinsu. Bayanin da ka ba wa ɗabi'a shi ke zaɓa maka maganin da za ka nema mata. Idan bayanin ya karkace, kuɗi da shekaru za su tafi a banza.

Abin takaici shi ne abin da aka yi mana, shi muke yi wa na ƙasa da mu. Tun rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki, sunan almajiri ya manne da tarzoma a bakin mutane da yawa. Yaro ɗan shekara takwas ya tsaya a ƙofar gida da roba a hannu, sai a ce ƙazami ne, ɓarawo ne, iyayensa marasa imani. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano ta fitar da littafi a kansu a 2018, ta nuna cewa talaucin karkara, da aikin gona da ke ƙarewa da kaka, da lalacewar makarantun boko na ƙauye, da mutuwar aure, da kuma son Alƙur'ani na gaskiya, duk suna cikin abin da ke sa uba ya miƙa ɗansa ga malam. A 2011 wasu almajirai tara suka shirya fim da kansu tare da ita, mai suna Duniya Juyi Juyi, babban abin da suka nuna kuwa shi ne wulaƙancin da suke sha a gidajen da suke yi wa wanki da ɗiban ruwa. An hana bara a Kano a zamanin gwamnatin Kwankwaso, an sake hanawa a farkon 2020, an kwashe almajirai a motoci zuwa jihohinsu lokacin korona. Ku leƙa Ƙofar Wambai da safe ku ga ko sun ragu. An kori yaron, ba a taɓa abin da ya kawo shi ba.

Haka zancen 'yan daba. Waɗanda suka yi nazarinsu, irin su Abdulkarim Ɗan'asabe da Y. Z. Ya'u, sun danganta asalinsu da 'yan tauri da farauta da bangar siyasa tun zamanin jam'iyyun NEPU da NPC, sannan suka nuna yadda abin ya ƙazanta bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara rufewa. Mai ba su kuɗi da ƙwaya ranar taron siyasa kuwa, ba a cika kiran sa ɗan daba ba.

Akwai kuma hukuncin da ya fi kowanne ciwo, wanda mutum ke yanke wa kansa saboda abin da ya ji ana faɗa. Melvin Lerner ya nuna tun shekarun 1960 cewa mutane na son su yarda duniya na ba kowa abin da ya cancanta, don haka idan suka ga wanda masifa ta faɗa wa, sai su nemo masa laifi domin hankalinsu ya kwanta. A Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata akwai sashen masu yoyon fitsari, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya yi shekaru yana aiki yana horar da likitoci. Babban sanadin larurar sananne ne: doguwar naƙuda, kan jariri ya danne mafitsara tsawon lokaci ba a yi aiki an ciro shi ba. Nisan asibiti ne, da rashin mota, da jiran izini, da rashin kuɗi. Amma sau nawa ake ce wa yarinyar ragwanta ce ta hana ta yunƙuri, ko alhaki ne ya kama ta? Ta rasa jariri, sau da yawa ta rasa aure, sannan ta zauna tana tuhumar kanta a kan abin da ba ta da iko a kai.

Wani zai ce, to ke nan ba mai laifi? A'a. Wanda ya soka wa mutum wuƙa don ya ƙwace waya ya yi laifi, kuma dole hukuma ta hukunta shi. Dubban matasa a lungu ɗaya da shi, cikin talauci iri ɗaya, suna ɗinki suna jima suna tura baro ba su taɓa kowa ba. Hali gaskiya ne. Hana uwar wanda aka kashe haƙƙinta da sunan fahimtar yanayi shi ma zalunci ne. Fahimtar dalili ba yafewa ba ce. Amfaninta shi ne ta nuna inda za a toshe don kada a samu na gaba.

Harold Kelley ya kawo wani ma'auni mai sauƙi a 1967, tambayoyi uku ne. Shin wasu ma haka suke yi idan suka shiga wannan yanayi? Shin wannan mutum haka yake a ko'ina, ko a nan kaɗai? Shin kullum ne, ko yau ne kawai? Gwada su a kan ɗan adaidaita sahun da ya yanko gabanka a Ƙofar Nassarawa. Idan shi kaɗai ke tuƙin ganganci, to nasa ne. Idan kuwa kusan dukkansu haka suke, to a dubi kuɗin balas da zai kai wa mai mashin kowace yamma kafin ya samu na cefane, da kuɗin mai, da yawan mashinan da suka cika gari tun bayan hana acaɓa a Janairun 2013. Cin tara zai rage wani abu, amma ba zai canza lissafin da ke tura shi ba.

Nauyin ya fi hawa kan waɗanda maganarsu ke zama hukunci: mai unguwa da ake kai wa ƙarar yaro, malamin da ke sasanta miji da mata a zaure, shugabar makarantar da ke shirin korar ɗaliba mai yawan makara ba ta san ita ke yin tallan safe ba, da ɗan jaridar rediyo da ke miƙa wa wanda aka kama makirufo ya karanta sunansa da na unguwarsu tun kafin alƙali ya gan shi. Ranku ya daɗe, kafin ku ce halinsa ne, ku kira shi ku tambaye shi abin da ya faru, ku ba shi lokacin da za ku so a ba ɗanku idan shi ne a durƙushe a wurin.